Koriyar Fitila a Rufin Issaka

Layinmu na Aboabo gida goma sha ɗaya ne,
in ka haɗa da rumfar Maame Serwaa mai dokunu.
Intanet ɗaya ce ke shigowa, ta gidan Tanko tela,
daga nan sai ta bi rufin kwano kamar kyanwa,
daga wannan gora zuwa wancan.

Fuseina ce ta ɗaura akwatunan,
'yar marigayi Salifu direba.
Ta hau tsani, filaya a baki, waya a kafaɗa.
Tsofaffin gindin masallaci suka kau da kai,
da ta sauko suka tambaye ta lambar sirri.

Sidi ashirin duk wata, a gwangwanin madara.
Wanda bai samu ba, a jira shi.
Atinga mai gadi da ƙwan zabi yake biya,
ba a taɓa mayar masa ba.

Ta ce mana, "Kowane akwati yana karɓa, yana miƙawa.
In ɗaya ya mutu, saƙo ba ya zaman makoki,
wata hanya zai nema."
Muka ce madalla.

Ni dai na haɗiye yawu ranar da na gane
muryar 'yata daga Doha
sai ta sauka a rufin Issaka kafin ta iso kunnena.
Issaka, wanda shekara tara ba mu gaisa ba
saboda kwata,
taku biyu na siminti
da ya karkato da ruwan wankinsa ƙofar gidana.
Jikata ta ce "Kaka",
kalmar ta bi ta kan kwanonsa mai tsatsa,
ta zo mini ba ta ko yi datti ba.
Wannan ma ya ba ni haushi.

Kullum bayan lisha nakan zauna a benci
ina harar koriyar fitilar nan tasa,
ita kuma tana ƙyafta mini ido.

Sai ranar Talata ba ta ƙyafta ba.
Na ce an ɗauke wuta ne.
Amma ga ƙwan lantarki na ci a rumfar Maame Serwaa.
Laraba ma shiru.
Wayata kuwa ko tari ba ta yi ba:
saƙo ya zaga ta shagon aski,
ya haura ta bayan masallaci,
ya faɗo mini tsakar gida.
Yara na ta ihun ƙwallo,
Hajiya Lantana na cinikin atamfa da mutanen Lome.
Ba wanda ya rasa komai.
Fuseina ba ta yi ƙarya ba.

Alhamis da hantsi na tsallaka kwatar.
Taku biyu ne, na ƙirga.
Ƙofa ba sakata.
Katin mita ya ƙare, fanka ta tsaya,
shi kuma yana ƙasa tsakanin gado da buta,
leɓe ya bushe kamar ganda,
rabin fuskarsa ya daina jin magana.

Ya dube ni da idon da ya rage masa.
Da ƙyar, a karkace, ya ce, "Kai ne?"
Na ce, "Wa kake jira?"

A keken kayan Awudu muka kai shi asibitin Manhyia,
kansa a cinyata, ramukan titi suna ƙirga mana haƙarƙari.

Da Fuseina ta ji, ta zauna a kan tsaninta ta daɗe.
Ta ce za ta sa akwatunan su riƙa kuka
in ɗan'uwansu ya yi shiru.
Na ce ta sa.
Amma bencina yana nan inda yake.

Yanzu ni ke sayen katin mitarsa.
Da safe in kai masa koko da ƙosai,
in riƙe kofin, don hannun bai dawo ba tukuna.
Ruwan wankinsa har yau ƙofata yake bi,
kuma kada wani ya ce na yafe.
Ina jiran bakinsa ya miƙe ne
mu ƙarasa maganar.